Arzika da Dogayen Turakun Tungar Marke

Har zuwa shekarar da ta wuce, wanda duk ya taso daga Jega ya nufi Aliero, in ya waiwayi gefen hanya bayan ya wuce gonakin gero, yakan hangi wasu fararen ƙarafa huɗu tsaye cikin sarari, biyu daga gabas, biyu daga yamma, suna gogayyar tsawo da itatuwan marke. Baƙi sukan ɗauka turakun lantarki ne da aka kafa aka manta ba a ja musu waya ba. Mutanen Tungar Marke kuwa sun san turakun filin ƙwallonsu ne, sun kuma san cewa tsohon da ake gani yana ɗingishi a gindinsu da bokitin toka a hannu Malam Arzika ne.

A wannan tunga aka haife shi, ubansa manomin albasa, kakansa ma haka. Bai shiga boko ba, karatun allo ya yi daidai abin da zai gyara ibadarsa, sannan ya bi ubansa fadama. Yana saurayi, gemu bai gama tsiro masa ba, sai wani Bature ya zo koyarwa a wata makarantar sakandare ta Jega. Dogo ne, rana ba ta raga wa fatarsa, kunnuwansa kullum jajur, ga usur rataye a wuyansa ko kasuwa za shi, don haka aka laƙaba masa Mai Usur, sunansa na ainihi kuwa ba wanda ya riƙe. Abu guda ke ɓata masa rai, a ce da shi Baturen Ingila. Nan take zai tsaya ya yi bayani da gurguwar Hausarsa cewa shi mutumin Ayilan ne, kuma Ingila ta mulki ƙasarsu kamar yadda ta mulki wannan, har ta fi daɗewa a kansu.

Mai Usur yana da babur, yakan zaga ƙauyuka da la'asar. A irin wannan zagaye ne ya ga faƙon da ke bayan Tungar Marke, shimfiɗaɗɗe ba tudu ba kwari, ya tsaya ya daɗe yana dubansa. Ya roƙi Hakimin wancan zamani, aka ba shi. Ya samo bututun ƙarfe da masu haƙa rijiya suka bari, samarin tunga suka ɗauko su a kafaɗa, Arzika da hannunsa ya haƙa ramukan. Da aka tayar da turakun aka ɗaura musu ƙarfen gicciye, sai aka ga abin da ya yi saura a sama ya fi na ƙasa tsawo, dattawa suka ce Baturen ya yi kuskuren awo. Shi kuwa ya ce haka ake yi a ƙasarsu. Wasan da ya koya musu da hannu da ƙafa ake yinsa. Ƙwallon da ya shiga ƙarƙashin gicciye ya wuce mai tsaron gida maki uku ne, wanda ya bi ta sama tsakanin dogayen turaku maki ɗaya. Akwai mutum a gindin turke riƙe da ƙyalle biyu, kore na uku, fari na ɗaya, shi ke ɗagawa kowa ya gani.

In an gaji, sai a zauna a inuwar marke, Mai Usur ya shiga ba su labarin gida. Ya ce a can kowane ƙauye da filinsa, mutum ba ya buga wa kowa sai garin da aka haife shi, ba a kuma biyansa. Ya ce a babban birninsu akwai wani fili da sojojin Ingila suka taɓa shiga ana tsakiyar wasa suka buɗe wa jama'a wuta, mutane suka mutu har da ɗan wasa, amma har yau ana taruwa a cikinsa. Arzika bai gane rabin Hausar mutumin ba, sai dai wannan magana ta zauna masa a rai, wato an zubar da jini a fili, masu shi ba su bar shi ba.

Damina uku Mai Usur ya yi ya koma ƙasarsu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ran da zai tafi ya miƙa wa Arzika ƙyallayen nan biyu, bai ce masa komai ba sai, "Ka riƙe."

Wasan hannu bai daɗe ba ya mutu. Yara sun ji a rediyo, daga baya sun gani a gidan kallo, cewa da ƙafa duniya ke buga ƙwallo, suka koma ƙafa. Lissafin kuwa ya zauna daram. Turakun suna nan, ƙyallayen suna nan, saboda haka a Tungar Marke yaro yakan tashi ya tarar ƙasa uku, sama ɗaya, ya girma ya haifi nasa bai taɓa tambayar dalili ba.

Arzika ne mai tsaron gida har ranar da ya yi karo da turken yamma ƙafarsa ta karye. Aka ɗauke shi a amalanke zuwa Aliero wurin maɗora, ƙashin ya haɗe, amma ƙafar ta rage tsawo. Daga nan ya bar wasa ya koma gindin turke da ƙyallayensa, kuma ba tare da wani ya naɗa shi ba, kula da filin ta dawo wuyansa. Shi ke bin gida-gida yana karɓar tokar da yake zana layi da ita, mata suna jin sallamarsa su ce, "Ga mai toka nan, a kwashe murhu." Shi ke duƙawa yana tsince ƙarangiya da tsidau don yaran da ke wasa ba takalmi. Shi ke hawa tsani yana shafa wa turaku farar ƙasa, har shekarar da matarsa Hindu ta kai tsanin gidan maƙwabta ta ce ya ɓace, ya koma ɗaura tsumma a kan gora. In an gama girbi, abokinsa Ardo Usmanu yakan kawo shanunsa su kwana a filin, domin kashinsu ya sa kirikiri ya tsiro da damina. In shanun sun tashi, Arzika ne zai bi yana farfasa kashin yana cike sawun kofato. Duk wannan kuwa bayan aikin albasa ne, ga rainon iri, ga dashe, ga ban ruwa.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. 'Ya'yansa maza sun bi motocin albasa zuwa kudu, sai salla-salla ake ganinsu. 'Yarsa Zaituna tana aure a Maiyama. Waɗanda suka ɗauko bututun nan tare da shi sun tafi ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana in ya ambaci Mai Usur yara sukan dubi juna, kamar yana ba da labarin aljani. Ya gaji ainun. Bokitin da a da yake ɗauka da yatsa biyu, yanzu sai ya ajiye shi ya huta kafin ya kai tsakiyar fili. Ƙafar da aka ɗora takan sanar da shi hadari tun kafin gabas ta yi baƙi. Bai ce da kowa ya gaji ba, don ba wanda ya sa shi aikin balle ya sallame shi.

Abin da ya kawo ƙarshen zaman nan wasa ne da 'yan Liba. Shafi'u, ɗan ƙanwar Arzika kuma shugaban samarin tunga, shi ya gayyato su, bai kuwa tuna ya gaya musu lissafin gari ba, domin a ganinsa abu ne da kowa ya sani. Baƙi suka zura ƙwallo biyu a raga. 'Yan gida suka zura ɗaya, suka kuma ɗaga huɗu ta sama tsakanin turaku, Arzika yana ɗaga farin ƙyalle, jama'a na sowa. Da aka busa tashi sai kowane ɓangare ya ɗauki ɗan wasansa a kafaɗa yana murna. Jagoran baƙin, wani saurayi mai suna Ridwan, ya ga abin ya ƙi ƙarewa, ya nufo Arzika.

Ya ce, "Baba, mi kake ɗagawa tun ɗazu? Mu dai mun ɗauka ƙuda kake kora."

Arzika ya ce, "Maki nike nunawa. Ku shida, mu bakwai."

"Shida a ina? Biyu muka ci, kuka ci ɗaya. Wanda ya bi ta sama ai rabon tsuntsaye ne."

Wani daga cikin 'yan gida ya ɗaga murya ya ce, "A garinku!"

Ridwan ya ce, "A duniya duka, ɗan'uwa, har gidan kallon garinku."

Ba a kai ga dambe ba, dattawa suka raba. Baƙin suka hau baburansu suna dariya suna kirari, "Sama ɗaya! Sama ɗaya!" Kafin kasuwar Jega ta sake ci, sunan ya bi gari. Duk inda mutumin Tungar Marke ya sauke buhu, sai a ce, "Sannu da zuwa, 'yan sama ɗaya." Daga nan ba ƙungiyar da ta sake yarda ta zo wasa a filin.

Ana cikin haka sai dillalan albasa suka ɗora ido a kan faƙon. Wuri ne busasshe, kusa da hanya, babbar mota za ta iya juyawa a cikinsa. Suka nemi a ba su su kakkafa rudu, wato rumbunan kara da ake adana albasa a ciki ta sha iska. Hakimi na yanzu, jikan wanda ya ba da filin, ya tara mutane a zaurensa bayan sallar Juma'a. Alhaji Mukhtar, babban dillalan, ya yi magana, kuma bai faɗi ƙarya ba. Ya ce bara albasa ta ruɓe a gonaki saboda rashin wurin ajiya kusa da titi, cikin wadda ta ruɓe kuwa har da ta Malam Arzika da ke zaune nan.

Hakimi ya ce, "Wanga fili na jama'a ne. In wasa ake yi cikinsa wanda garuruwa ke zuwa, ba ni taɓa shi. In kuwa mu kaɗai muke buga wa kanmu muna ƙirga wa kanmu, to, albasa ta fi buƙatarsa."

Shafi'u ya nemi izini ya ce, "Ranka ya daɗe, masu shirya gasar ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama sun ce za su kawo mana wasanni. Sharaɗinsu guda ne, a yanke turakun nan daidai da gicciye."

Aka juyo ana duban Arzika. Shi kuwa ƙasa yake dubawa. Hakimi ya ce ya ba su zuwa fara cirar albasa, in ba a yi komai ba dillalai su kawo karansu.

Da suka fito, Shafi'u ya biyo Arzika yana daidaita tafiyarsa da ɗingishin tsohon. Arzika ya ce, "Ku bar su tsaye mana, ku ƙirga irin na duniyar. Ƙarfe ya hana ku?"

"Kawu, na roƙa, sun ƙi. Sun ce muddin mutanenmu na ganin turakun, za su ƙirga. Kuma in ƙwallo ya bugi ƙarfen sama ya dawo fili, alƙalin wasa bai san hukuncin da zai yanke ba. Ni ba ni taɓa su sai ka ce to. Ba kuma wanda zai taɓa su kana raye in ba ka ce ba, kai ma ka sani."

Ya sani. Ya kuma san wani abu da bai iya gaya wa Shafi'u ba. In ya yi shiru har aka fara cirar albasa, turakun za su tsaya da tsawonsu har ranar ƙarshe, ba wanda zai ce shi ya rage su, sannan filin ya tafi, bokitin toka ya tafi tare da shi. Zai tashi da safe ba inda ke jiransa sai fadama. Da wannan tunani ya zo masa sai ya ji wani sanyi a gaɓoɓinsa irin na wanda aka sauke wa kaya, ya ji kunyar sanyin, amma bai kore shi ba. Hindu ma da ta ji labari abin da ta ce ke nan tana tankaɗe gari: "Malam, ka bar musu duka. Ka dubi ƙafarka. Baturen nan ko yana raye ya manta da hanyar garin nan."

Ya yi kwanaki yana zuwa filin bai taɓa komai ba, sai ya zauna a gindin marke. A nan Ardo Usmanu ya same shi wata la'asar, shanu na biye da shi suna neman wurin kwanansu na kowace shekara. Ardon ya dogara sandarsa ya zauna.

Ya ce, "Arzika, an ce za ka sayar da makwancin shanuna don albasa ta samu ɗaki."

"Ban sayar da komai ba, Ardo. Shiru kawai na yi."

"Awo, shirun nike nufi. Da shiru burtalin arewa ya tafi, da shiru mashayar bayan Jandutsi ta zama gona. Duk inda na bari da niyyar in dawo, na dawo na tarar da shinge."

Arzika ya ce, "Mai Usur ya ce in riƙe."

"Mi ya ce ka riƙe? Ni ina nan ran nan, ina kiwo can gefe. Tsumma ya ba ka, tsumman kuwa na aljihunka." Ya nuna shanun da haɓarsa. "Waɗanga ba su taɓa ɗaga kai sun dubi ƙarfenka ba. Ƙasa suke kwana. Yaran ma ƙasa suke gudu."

Arzika ya dubi turakun yamma, wanda ya karya masa ƙafa da ɗayan, farar ƙasar bara ta fara zuba daga samansu inda gorarsa ba ta kaiwa sosai. Ya tuna filin can na birnin Mai Usur. Mutumin bai taɓa gaya musu ko turakun wancan fili na farko ne ko an sauya su ba. Abin da ya ce kawai, ana taruwa a cikinsa har yau.

Ranar kasuwa ya hau mota zuwa Jega shi kaɗai, ya nemi shagon Zaharaddeen mai walda, ya yi masa kwatance. Washegari da hantsi mai waldan ya iso da janareta da injin yankan ƙarfe a bayan babur. Kafin a tayar da injin rabin tunga ta taru. Aka samo tsani, sai ga shi wanda Hindu ta ce ya ɓace ne, Arzika ya dube ta, ta kau da kai. Aka ɗaura igiya a saman turke na farko domin kada ya faɗo wa mutane. Shafi'u ya kama igiyar, kawunsa ya ce, "Ba ni nan."

"Kawu, da nauyi."

"Na san nauyinsa, ni na ɗauko shi."

Injin ya yi ƙara, tartsatsi ya watsu, ƙarfen ya karkata a hankali ya zo ƙasa, igiyar na goge tafin hannun tsohon. Wani jan ruwa mai tsatsa ya zubo daga cikin bututun, ruwan damunan da suka wuce da ya taru ba wanda ya sani. Haka aka bi sauran ukun. Ba wanda ya yi sowa. Da aka gama, filin ya yi wani irin faɗi, ya koma kamar filin kowane gari. Ardo Usmanu ya sa bijiminsa ya ja guntayen zuwa gindin marke, aka jera su a kan duwatsu, kafin azahar dattawa sun mai da su wurin zama.

Hakimi ya cika maganarsa. Dillalai suka kafa rudunsu a wani tudu can gaba, suna gunaguni saboda nisan titi.

Wasan farko na gasar da 'yan Jandutsi aka yi, alƙalin wasa wani malami ne daga Jega mai suna Abdulƙadir, da usur ɗinsa a wuya. Jama'ar da ta taru ta fi ta kowane wasa da Arzika ya taɓa gani. Ba a ba shi aiki ba, amma ƙafarsa ta kai shi gindin turken yamma, inda ya saba tsayawa. Ana cikin wasa wani ɗan gida ya samu ƙwallo daga nesa, ya ɗaga shi irin ɗagawar da aka san 'yan Tungar Marke da ita. Ƙwallon ya bi ta saman gicciye, daidai tsakiyar inda turakun suke a da.

Tunga duka ta miƙe da murya ɗaya, "Ɗaya!"

Alƙali ya nuna bugun mai tsaron gida. Sai dariya ta ɓarke, baƙi da 'yan gida duka. Arzika ya duba sai ya ga hannunsa ya riga ya fito da farin ƙyallen, ya kai shi daidai kafaɗa. Ya tsaya haka kaɗan. Sannan ya goge gumin fuskarsa da shi, ya ninke, ya mayar aljihu kusa da koren.

An tashi ba wanda ya ci wani. Jama'a suka watse, ƙafafu sun share layukan toka kaf, ga ɓawon rake da ledojin ruwa ko'ina. Shafi'u ya zo da gudu yana haki, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Kawu, sun yaba! Sun ce mako mai zuwa 'yan Sarandosa za su zo, bayansu kuma 'yan Liba. Sai dai sun ce layin gefe bai fito sosai ba, a ƙara toka."

Arzika ya ce, "To."

Ya bi gefen fili a hankali yana tsintar leda, yana hutawa, har ya kai bakin hanyar gida. A ƙofar gida ya tarar da bokitinsa, Hindu ta riga ta kwashe murhu ta cika shi, ta kuma ajiye wani tsohon kwano cike a gefensa.